Gida Ɗari da Goyo a Baya

Yaya, an sa hannu! Ɗazu da hantsi malamar Baban Kumatu ta jami'a ta sa hannu, ina zaune a wurin, da idona na ga biro ya sauka a kan takarda. Baban Kumatu ya gama digirinsa, babu zancen maimaita shekara. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya, ga Kumatu kuma tana ta jan bakin takardar.

Bari in ɗauko miki daga farko, don na san abin da kika sani kawai shi ne yana zuwa jami'a Asabar da Lahadi. Shekara biyar ke nan. Karatun nasa na tsara muhalli ne, wato yadda ake shirya gari: ina ruwa zai bi, ina za a kai shara, ina ne ba a gini. Kuma ba haka kawai ake miƙa wa mutum digirin ba. Akwai kwasa-kwasan dole, irin su zanen taswira da dokokin filaye da wani lissafin ƙididdiga da ya kayar da shi sau ɗaya. Akwai wata shida na koyon aiki a wani ofis, kowane mako sai an sa masa hannu a littafi. Duk ya haye waɗannan. Abu ɗaya ya rage, binciken ƙarshe, wanda in malamarka ba ta sa hannu kafin ranar rufewa ba, to sai baɗi.

Shi ya zaɓi ya bincika abin da ya sa layinmu na gangare ke cika da ruwa duk damina. Aka ce sai ya cike fom a gida ɗari, tambayoyi ashirin-ashirin. To kin san aikinsa duba-gari ne. Yana tashi daga ofis da la'asar, ko kakin ba ya cirewa, sai ya ɗauki jakarsa ya bi layi. Wa zai tarar a lokacin? Maza a kan benci a ƙofar gida. Su kuwa da sun hango kakin nan sai kowa ya gyara zama.

"Ina kuke zubar da shara?"

"A bola, ranka ya daɗe."

"Kun taɓa zubawa a kwata?"

"Mu? Allah Ya kiyaye."

Haka ya cike ɗari cif, ya ɗinke, ya kai. Ran nan ya dawo ko takalmi bai cire ba ya zauna a bakin gado. Na ce lafiya? Ya ce malamar ta juya fom ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta ce masa, "Malam, unguwar nan taku ta fi asibiti tsafta. To aljanu ne ke toshe muku kwatar?" Sannan ta ƙirga: maza casa'in da bakwai, mata uku. Ta tambaye shi wa ke share gidajen nan, wa ke zubar da ruwan wanke-wanke. Ta tura masa abinsa, ta ce ya sake, saura mako biyu a rufe.

Mata kuwa da safe aka fi samun su. Da safe yana ofis, kuma ko ya je, wace mata ce za ta faɗa wa duba-gari gaskiya? Ni da kaina in na hango abokan aikinsa, bokitin datti nake turawa bayan ƙofa.

Na ce, "Ba ni fom ɗin."

Ya ce, "Ke? Kin san me ake nufi da tambaya ta sha ɗaya?"

Na ce, "Karanta min sau biyu, in ban riƙe ba ka canja min suna."

Ya yi dariya, amma ya zauna ya koya min. Ya ce in yi alama a cikin akwati ɗaya kawai, kada in ƙara, kada in rage.

Washegari na goya Kumatu, na sa fom a leda na fita. Yaya, aikin nan ba wuya sai ta ƙafa. In na yi sallama sai a karɓi yarinyar ana ja mata kumatu, a ba ni kujera, ni kuma in taya su tsintar abin miya ko shanya. Ba na fara tambaya sai hira ta yi daɗi. Gida goma sha biyu, sha uku a rana, in dawo kafin azahar in ɗora girki.

Matsalata akwatunan nan. An rubuta bola, rami, ƙonawa, kwata. Amma amsar mata ba ta shiga akwati. Akwai wata tsohuwa mai wankau a ƙarshen layi, da na tambaye ta sai ta ajiye sabulu ta ce, "'Yar nan, rubuta kwata, kuma ki rubuta dalili." Na ce babu wurin dalili, Baba. Ta ce, "Bayan takardar ciwo yake yi?"

Sai na juya na rubuta. Ta ce da can kwandon sharar gwamnati yana nan bakin layi, kowa na kaiwa. Shekara uku da suka wuce aka ɗauke shi aka mayar tsallaken babban titi, inda manyan motoci ke gudu. Wace uwa ce za ta aiki ɗanta ya tsallaka wannan titin da bokiti? Ita ma uwar, da goyo da ciki? Shi ya sa ake tara shara a buhu, da hadari ya haɗo ruwa ya sauko, sai a juye a kwata ruwa ya tafi da ita. Na gangare kuma su sha. Tun daga gidanta duk abin da aka faɗa min sai in rubuta a baya. Gida bayan gida, maganar ɗaya ce.

Kwana takwas na gama casa'in da tara. Na ɗari kuwa, na zauna a tsakar gidanmu na cike nawa.

Da yamma ya zauna dubawa. Da ya ga bayan takardun sai ya dafe kai.

"Maman Kumatu, kin kashe ni. Wa ya ce ki yi rubutu a baya? Takardar jami'a ce fa, ba littafin cefane ba."

Na ce karanta dai. Ya fara karantawa yana tsaki saboda rubutuna, can sai tsakin ya tsaya. Ya jawo taswirarsa ya ɗora yatsa inda kwandon yake da, ya ja zuwa inda yake yanzu. Ya daɗe a haka. Da ya zo kan fom na ƙarshe ya ga lambar gidanmu, ya ga alama a akwatin kwata, sai ya ɗago.

"Ke ma?"

"Ni ma."

"Matar duba-gari?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda muka tare a gidan nan, sau nawa ka tsallaka titin nan da bokiti?"

Ya ɗauki biro. Kwana biyar ya yi yana sake babi biyu, ni kuma ina karanta masa inda ya kasa gane hannuna.

Da ya kai, malamar ta ce ranar da zai tsaya gaban malamai uku ya zo da wadda ta yi rubutun bayan nan. Na ce shi ke nan, za a ce wani ya yi masa aiki, na jawo masa shekara guda da hannuna. Yau da safe na zauna a benci a barandar ofishinsu, ina jin muryarsa ta ƙofa yana bayani, ina jijjiga Kumatu kada ta yi kuka. Wajen awa guda sai aka kira ni.

Ɗakin ƙarami ne, takardu har kan taga. Malamar ba ta da fara'a sosai, amma ta matso min da kujera. Ta zaro fom ɗaya daga tsakiya ta ce, "Gida na hamsin da huɗu, wa kika tarar?" Na ce mai ɗinki ce, mai 'yan biyu, ƙofarsu shuɗiya, ruwa ya taɓa shiga ya jiƙa mata keke. Ta juya bayan takardar ta duba. Ta sake zaro wani, na faɗa mata. Na uku ma haka. Wani malami mai gilashi ya ce, "Wannan ai ta fi mu sanin unguwar."

Malamar ta ce ba laifi ba ne a samu mai taya tattara bayani, laifin shi ne a ɓoye. Ta sa Baban Kumatu ya nuna mata shafin da ya rubuta cewa ni na bi gidajen, da yadda na bi. Ashe ya rubuta, bai faɗa min ba. Ta karanta, ta gyaɗa kai, ta jawo shafin farko ta sa hannu. Sauran biyun ma suka sa. Shi kuwa gogan naki ya tsaya riƙe da littafin yana ta na gode, na gode, har sai da ta ce masa ya matsa akwai wasu a layi.

Yanzu haka yana ciki yana barci, tun da muka dawo. Ba a sa ranar bikin yaye su ba tukuna, in an sa zan aiko. Ke dai don Allah ki karanta wa Inna wannan da ƙarfi, kin san kunnenta, sannan ki ba Kawu ya gani, shi da kullum yake tambaya wai karatun nan ba ya ƙarewa ne. Duk wanda ya shigo gidan ki faɗa masa.