Ƙafar Mahama Mai Ataya

Laifin Mahama shi ne raina gargaɗi don wadda ta yi shi yarinya ce. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma shi nasa kunnen na ado ne.

Direban trotro ne, motar haya ta cikin gari. Da ya ajiye tuƙi sai ya zama mai dafa ataya, wato shayi, a majalisar tsofaffi a unguwar Nima. A can mai dafawa ba ya miƙa kofi sai ya ɗanɗana, kuma kowane zagaye ya fi na baya sukari. Daga hantsi har la'asar yana kan benci yana kurɓa.

Wata Juma'a Mariatu, ma'aikaciyar jinya 'yar unguwa, ta zo harabar masallaci tana auna jinin tsofaffin da suka bar aiki. Da ta auna Mahama, ta ce, "Baba, ciwon sukari bai kama ka ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Ka bar wa wani ɗanɗanon, ka riƙa takawa zuwa unguwar Maamobi kowace safiya."

Ya yi dariya. "Da ni aka ci naman sunanki. Yau ke za ki koya mini sha?"

Abin da ta faɗa ya iso. Matarsa Salimatu ta ɓoye butar, ya aro ta maƙwabci. Ta je ta durƙusa gaban abokansa.

"Don girman Allah ku karɓi dafawar nan daga hannunsa. Fitsari ya hana shi barci, ƙishirwa ba ta barinsa."

Suka ce, "Hajiya, hannunsa ne mai daɗi. Yaya za mu yi?"

Ranar da garwashi ya faɗa masa a yatsan ƙafa, bai ji ba sai da aka nuna masa. Miki ya ƙi warkewa. Ya sa huffi, yana shafa a kai wurin alwala don kada a gani, har wari ya tona shi a cikin sahu.

A asibiti aka ce sai an yanke ƙafar. Ya riƙe hannun likita. "Ɗana, na daina. Wallahi na daina. Ku bar mini ita."

Likita ya ce, "Baba, in muka bar ta, kai za mu rasa."

Salimatu ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Da-na-sani ƙeya ce.

An yanke ƙafar dama daga gwiwa. Idon hagu ya dushe. Sallar jam'i ta gagare shi, don keken marasa lafiya ba ya shiga lungunsu.