Sandar Dapite

Tun da kujerar dapite, wato ɗan majalisa, ta kuɓuce wa Alhaji Alƙasim, mutanen Bangi suka manta hanyar gidansa. Atamfa mai hotonsa ta koma labulen shago da goyon jarirai. Mato kaɗai, tsohon direbansa, ya ƙi sauya sheƙa. Ranar da aka zo ɗaukar motar aiki, sandar Alhaji mai kan azurfa kawai ya iya tsiratarwa, kuma kowace Juma'a sai ya goge ta da toka da lemun tsami. Ka taɓa sunan Alhaji a kasuwa, to da Mato za ka yi.

Ana nan sai Mushe Idrisa, malamin kwaleji, ya zo aron sandar, wai 'yan lakwal, wato ɗalibansa, za su yi wasan tarihi na zamanin Nasara.

"Babban mutum ne za shi riƙe ta?" in ji Mato.

"Babu kamatai cikin wasan, Baba. Kowa na duƙa mishi."

Daɗi ya kashe Mato. Da ƙafarsa ya je ya gayyato Alhaji, don ya ga har yanzu ana tunawa da shi.

Ashe babban mutumin Kwamanda ne, Baturen mulki, wani yaro da aka shafe wa fuska da farar ƙasa, yana kora talakawa aikin tilas. Jama'a na ganin sandar suka gane ta. "Dapite ya dawo!" wani ya ƙwala, wuri ya kece da dariya. Shaƙiyyin yaron kuwa ya watsar da tarihi ya ɗauki tafiyar Alhaji, tumbi gaba, yana nuna inda za a haƙa rijiyoyi.

Ran Mato ya ɓaci ƙwarai. Ya haye dandali ya fizge sandar.

"Sandag ga ba ta taɓa bugun kowa ba! Nuni ɗai taka yi!"

Mata suka rangaɗa guɗa, sun zaci shi ne gwarzon wasan. Mato bai kula su ba. Ya nufi layin gaba inda Alhaji ke zaune gefen sabon shugaban gunduma, ya durƙusa, ya miƙa sandar da hannu biyu, idanunsa cike da hawaye.

Alhaji ya saci kallon sabon shugaban, ya ga yana dariya, shi ma ya washe baki.

"Dattijo, ina ka sanni? Mai da ma yara kayan wasansu."

Mato ya tashi ya mayar. Bai taɓa ƙin bin umarnin Alhaji ba.