Shirwar da Na Rataye

'Yan zabi talatin kajina suka ƙyanƙyashe mini bana, kuma duk Ɗanzomo babu wanda ban ba labari ba. Da shirwa ta sure biyu, sai na yi abin da na ga iyayena suna yi. Na sa maigidana Ilu ya harbo ɗaya, na rataye mushen a saman akurki, fukafukai a buɗe, don 'yan'uwanta su gani su shiga taitayinsu.

Shirwa kam ta daina zuwa. Amma bayan mako uku ƙafafun 'yan zabina suka fara lanƙwashewa, suna jan ciki. Na ƙara tsakin masara, na ƙara gara, a banza. Hankalina ya tashi, don da su nake son kafa garke.

Sai ga Ummulkhair, 'yar ƙanena, malamar dabbobi a Gumel. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Iska na kaɗa mushen, inuwarsa na gilmawa, 'yan zabin kuma su ruga lungu su dunƙule.

"Gwaggo, sau nawa suke yin haka a wuni?"

"Wa ya ƙirga?"

Ta ɗauko ɗaya ta ɗora mini a tafin hannu. Zuciyarsa na bugun yatsana fat-fat.

"A nan ciki akwai hanta, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba," in ji ta. "Daga garar da kike ba su take tsamo wani sinadari ta mai da shi bitamin, wanda ƙafa ke buƙata. Masara ba ta da shi sosai. To in tsoro ya daɗe, jiki yakan yi ta zuba sinadarin firgita cikin jini, aikin hantar ya rikice. Ga shi ko cin kirki ba sa yi."

Na tsaya baki buɗe. Shekara hamsin ina fige kaza ina soya hanta, ban taɓa sanin ma'aikaciya nake ci ba. Wai inuwa kawai, daga sama, ta shiga har cikin jini ta tanƙwara ƙashi! Na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah."

Da hannuna na kwance mushen na binne. Ta ba ni magani na zuba musu a ruwa, ashirin da ɗaya suka miƙe. Bakwai har yau da gwiwa suke zuwa cin tsaki, kuma da sun hango ni sai su rarrafo da murna.