Gadar da Uda Basrizal Bai Haye Ba

"Rodin ciki fa, Darwis? Kun canza shi?"

Maƙwabcina Uda Basrizal ne ya tambaye ni, yana kwance a barandarsa, tari ya cinye rabin muryarsa. Matarsa, Uni Yusnidar, tana kai masa cokalin kunun shinkafa, yana kau da kai.

"Mun canza, Uda," na ce. "Mun fasa ginshiƙin gadar, mun ɗaure sabon rodi, mun zagaye shi da kankare."

Ƙarya na shirga masa, ko ido ban ƙifta ba.

Shekara talatin ya yi yana ginin gadoji kafin ƙurar siminti ta gama da huhunsa, kuma a hannunsa na koyi aikin. Da girgizar ƙasa ta tsaga gadar ƙauyenmu, ni aka ba gyaran. Shi kuwa ya lallaɓa ya gangara bakin kogi, ya leƙa tsagar ginshiƙin tsakiya, ya ce rodin ciki ya lanƙwashe, sai an fasa. A gaban leburori na ce masa, "Uda, je ka huta, zamaninku ya wuce." Aka kwashe da dariya. Sallah ta matso, 'yan ƙauyenmu da ke Jakarta suna hanya, kowa ya ƙosa a buɗe gada. Sai na liƙe tsagar da siminti, na bi ta da fenti. Na ce a raina ai babura ne kawai ke hawa, bayan Sallah zan koma mata. Ga shi Sallah ta wuce da wata biyar, ban koma ba.

"Alhamdulillahi," in ji Uda daga kwance. "To ga wasiyyata. In na tafi, ta kan gadar nan za ku bi da ni. Ina so in ji aikin ɗalibina a gadon bayana."

"Haba Uda, sha kununka ka bar mana zancen tafiya," in ji Uni.

Ranar Laraba da hantsi Uda ya cika. Maƙabartarmu tana ƙetaren kogi. Da aka idar da sallar gawa aka ɗauko makara, sai na waiwaya. Mutum ya fi ɗari uku, ga motar kaya cike da tsofaffi a baya, dukansu za su taru a kan ginshiƙin nan lokaci ɗaya.

Na ruga na sha gabansu a bakin gada.

"Kada ku hau!"

Limaminmu, Buya Mukhlis, ya dube ni. "Darwis, lafiyarka? Ba kai ka ce yanzu gadar ta fi ƙarfi ba?"

"Ban taɓa rodin ba, Buya. Shafe kawai na yi."

Uni Yusnidar ta ratso ta cikin mata. Na so a ce ta zage ni, amma a hankali ta yi maganar.

"Ran da ka gaya masa kun gyara, har ƙarin abinci ya nema."

Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai.

Mazan suka naɗe zannuwan da mazan garinmu ke ɗaurawa, suka gangara da Uda cikin kogi. Ba wanda ya kira ni in kama makara, ni ma ban nema ba. Na tsaya a bakin gadar ni kaɗai, hannuwa a buɗe, ina mayar da wani mai babur baya. Can ƙasa ruwa ya kai musu ƙirji, sun ɗaga shi sama da kawunansu, gefen koren mayafin da aka lulluɓe makarar da shi yana jan ruwa.