Ranar da Duane Ya Faɗa Ruwa

An kafa sabon madafi a gefen katakon da ke shiga tafki, kan ƙusoshin ma bai yi tsatsa ba. Arlene ta gani, ta wuce ba ta taɓa shi ba.

Yayanta Duane ya riga ya turo gungumen cikin ruwa. Tun suna yara a nan arewacin jihar Wisconsin wasansu ke nan: mutum biyu su hau gungume ɗaya, su yi ta murza shi da ƙafa har ɗaya ya faɗa. Babansu, mai saran katako, shi ya koya musu, dokarsa kuma guda ce: kada ka kalli ƙafarka, kalli ta abokin karawarka. Da yamma su koma gida jiƙe sharkaf, Mama na suyar kifi tana faɗa.

"Auta, me likitan ya ce?" in ji Duane.

"Zagayo ta dama, Yaya. Wannan kunnen ya yi ritaya."

Ya zagayo, ta faɗa masa. Ƙari ne a jijiyar kunnen hagu, ba na ciwon daji ba, amma yana girma, shi ke sa ta jiri. In an yi tiyata za a yanke jijiyar da ke tsai da mutum daidai. Tafiya a ƙasa za ta dawo a hankali, gungume kuwa ba alkawari. In an gasa ƙarin da hasken na'urar asibiti ba a yanke komai, amma jirin yana iya zama, ko ma ya ƙaru.

"To me kika zaɓa?"

"Muddin ina iya kayar da kai, ba mai yanka ni."

"Kayar da wa? Ke da tun kina ƙarama nake shayar da ke ruwan tafkin nan?"

"Hau mu gani, tsoho. Tumbin nan kaɗai ya isa ya nutsar da gungumen."

Suka hau. Ta kafa ido a ƙafafunsa, ƙafafun da ta fi sani fiye da nata. Ba a jima ba bishiyoyin gaɓa suka fara karkacewa. Ta ga diddigensa ya ɗaga, alamar zai juya gungumen baya ya watsar da ita. Bai juya ba. Sai ma ya danne shi, ya rage masa gudu, kamar yadda ake yi wa ɗan koyo. Daga nan ta ga ya ɗauki ƙafa da kansa ya aza a kan ruwa, ya faɗa ciki.

Ya taso yana furzar da ruwa yana dariya. "Kin gani ko? Je ki gaya wa likitan naki!"

Arlene ta sauka a hankali. Duane bai taɓa bar mata nasara ba, ko ranar da ta yi kuka har Baba ya sa baki. Ashe abin da take tsoron wuƙar likita ta ɗauke ya riga ya tafi, kowa ya sani sai ita.

Yana ɗaure gungumen yana ta surutu, wai santsi ne, wai gobe sai ya rama. Ta ajiye masa tawul a kan katako, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta haura tudu.