Ƙofar da Ta Nutsar da Kafinta

Tsohon kafinta ya riga ya yanke magana: ƙarshen wata 'yarsa Auta za ta ajiye aikin ƙera wasannin kwamfuta, ta karɓi kujerar ofis da ƙaninsa ya samo mata. A wurinsa, mai haƙora talatin da biyu ba ya sammako ya ce wai wasa zai tafi yi.

"Baba, gani ya kori ji," in ji Auta. "Ka zo sau ɗaya. In ka ce a bari, an bari."

Ya je. Ɗaki ne a saman shagon taya, mutum shida a ciki, fanka na ƙugi. Abin da idonsa ya fara kamawa teburin 'yarsa ne, an cusa takarda a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Ya yi tsaki.

Mai kamfanin, wanda suke kira Dogo, ya zaunar da shi, ya nuna masa maɓallin tafiya, da na ja, da na turawa. Wasan na wani mutum ne da ruwa ya ci gidansa, yana neman mafita. Auta ta koma bayansa da littafi da biro.

Tsoho ya kai mutumin bakin ƙofa. Ya ja, ta ƙi. Ya sake ja. Ruwa ya shanye mutumin. Sau uku ana haka.

Ya waiwaya. "Ke, ubanki na nutsewa kina rubutu?"

Auta ta ci gaba da rubutu.

"Doka ce, Baba," in ji Dogo. "Wanda ya ƙera ba ya magana lokacin gwaji. Mai saye ba zai tafi da ita gida ba. Ƙofar nan turawa ake yi, ba ja ba. Kai ne na tara da ya maƙale a nan, mun rasa dalili."

"Turawa? Dogon banza, dubi hinjin. Ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kai in yana ɓangarenka, wajenka take buɗewa. Ko akuya ta san wannan."

Sai ya ga mutum shida sun taso sun yi cincirindo a kan allon, kamar an ce ga zinariya.

"Mako uku na yi a kan ƙofar nan," in ji Auta a hankali. Ta ja layi a littafinta. "Laifina ne. Yau zan sake ta."

Tsoho ya daɗe yana kallonta. Shekara arba'in, in ya gama kujera, zaunar da mai ita yake yi, ya ja da baya, ya kame baki yana kallo. Duk yaron da ya koya wa aiki, in ya ji ya ce wa mai saye "ai kai ne ba ka iya zama ba", ranar yake sallamarsa. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A matakala ya kira ƙaninsa a waya. "Kujerar ofis ɗin nan, ka ba wani. Yarinya tana da sana'a."

"Yaya, wasan?"

"Na ce sana'a."

Washegari ya dawo da zarto da abin awo, ya ce a kwashe kwamfutar daga teburin Auta, takardar ta hana shi sukuni. Da ya gama, ya zauna ya karɓi maɓallan.

"An gyara ƙofar? To, kowa ya yi shiru."