Hoton da Yaya Ta Ce a Bari

Shekara ashirin da biyu Auta yana ɗaukar hoton kayan da yayarsa ke ɗinkawa. Ya ba hamsin baya, furfura ta ci rabin gemunsa, amma auta auta ne, kuma a wurin aiki ma haka take kiransa a gaban kowa. A duk shekarun nan da abu ɗaya suke buɗe aiki. Kafin 'yan tallar kaya su gama kwalliya, sai ya kafa fitilunsa, ya liƙa ɗan salatif a ƙasa, ya ce, "Yaya, zo ki tsaya min." Ta zo tana mita, fil cike da baki, tef ɗin awo a wuya, ta taka alamar. Ya ɗauka, ya duba yadda haske ya sauka a fuska, ya goge. Gwajin haske ke nan, kuma a wurinsu ba hoto ba ne, kamar yadda ɗanɗana gishiri ba cin abinci ba ne.

Sharaɗin ma nata ne tun farko: duk abin da ya ɗauka ya goge nan take. Yaya ta tsani hoto. Ko a taron dangi aka ɗaga waya, sai dai a samu tafin hannunta ko ƙeyarta. Da haka babban yatsan Auta ya haddace hanya, danna biyu ne, ba ya ma shawara da mai shi.

Aikin da ya fi kowanne girma ya zo musu daga wata mujalla: riguna bakwai, kowace a ɗinka ta bisa wani zane da ke rataye a gidan tarihi, a kuma ɗauki hotonta a gaban zanen. Wata huɗu Yaya tana zarya can da ɗan littafinta, tana tsayawa gaban zanuka har masu gadi suka fara ajiye mata kujera. Ta ɗinka wata mai wuya kamar faffaɗan tire, wata mai gashin tsuntsu na ƙyalle guda sama da dubu, kowanne da hannu ta yanka shi. Ta ƙarshen kuwa daga zanen wata mata ce a bakin teku, iska ta kwashi rigarta. Jelar rigar yadi shida ce, sai wani ya tsaya a gefe ya wurga ta sama.

Aka ba su ranar Litinin, ranar da gidan ke rufe. Da hantsi haske ya zubo ta gilashin rufi, Auta ya liƙa alamarsa gaban zanen tekun.

"Yaya, zo ki tsaya min."

Ta zo, yau babu mita, babu fil a baki.

"Ki ɗan rage tsufan nan," in ji shi, "yana shanye min haske."

"Ja'iri. Wa ya goya ka har ka yi gemu?"

Ta fashe da dariya, shi kuma ya danna. Ya duba bayan kyamarar. Haske ya zauna daidai, ga ta kai a ɗan karkace, wushiryarta a waje, teku a bayanta. Ya gani sarai, ya ma ji a ransa cewa ya yi kyau.

"Auta," ta ce, "bar min wannan."

Yatsan ya riga ya gama aikinsa.

Abin da ya kamata ya yi bai fi ƙarfin yaro ba. Ya ce ya goge, ta sake tsayawa. Ko ya zare katin kyamarar ya sa wani, domin shi ya fi kowa sanin ana iya ceto abin da aka goge muddin ba a ɗora wasu a kansa ba. Amma kunya ta kama shi, ga doguwar yarinyar da za ta sa rigar farko ta shigo mutum biyu na riƙe mata wuyan riga, ga matar da mujallar ta turo tana duba agogo. Sai ya ji bakinsa ya ce, "To, na bari." A ransa ya ce in an tashi ya ɗauke ta wani, wanda ya fi wannan.

Hoto dubu ɗaya da ɗari huɗu ya ɗora a kan katin ranar. Yaya tana gefe tana ja nan, tana soke fil can, da aka zo rigar teku kuwa sau talatin da wani abu ta wurga jelar nan sama kafin iskar ƙaryar ta yi kama da ta gaske. Da yamma ya same ta zaune a kujerar mai gadi, ta cire takalmi, ƙafafunta sun kumbura, tana numfashi sama-sama.

"Taso in ƙara ɗaukar ki, hasken yamma ya fi."

"Ai ka ɗauka. Ɗaya ya isa, kada ka saba."

Ya shiga naɗe wayoyin fitilu.

Kwana tara bayan nan Yaya ta rasu a asibiti. Ashe zuciya ce, ta daɗe da sani, 'yarta kaɗai ta gaya wa.

'Yar ce ta zo shagonsa bayan mako biyu, da tsohon cikinta, ta zauna a kan akwatin fitilu don ta ce kujerarsa ta yi ƙasa.

"Kawu, na zo karɓar hoton Mama."

"Wane hoto?"

"Na gidan tarihi mana. Ranar da murna ta dawo, ta ce yau ta yarda an ɗauke ta, tana dariya ma. Ta ce in karɓa a wurinka in ajiye wa wannan." Ta dafa cikinta. "Ba mu da wani, Kawu, sai na katin shaida, shi ma hatimi ya cinye haɓarta."

Ya ce yana kan gyara shi, ta dawo ranar Asabar. Ƙarya dai fure take, ba ta 'ya'ya, shi ma ya sani. Tana fita ya ɗauki katin ya kai wa mai gyaran na'urori a bakin kasuwa. Mutumin ya wuni yana tono, ya dawo masa da shi a tafin hannu. "Maigida, an yi gini a kansa. Ko tushe ban gani ba."

Sai Auta ya koma shago ya buɗe tsofaffin ayyukansa, ba waɗanda ya miƙa wa masu aiki ba, na asali, waɗanda bai taɓa ba. Kwana uku yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Yaya tana nan kuwa, a kusan kowanne, a can gefe: gwiwar hannu, bakin takalmi, inuwa a bango. Shekara ashirin da biyu aikinsa ke nan, ya zauna ya share ta daga gefen hoto, kuma ya ƙware har ana yaba masa tsabtar aiki. Fuska dai babu ko ɗaya. Nan ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne ta.

Ana cikin haka matar mujalla ta kira. "Hoto na bakwai ya yi kyau matuƙa, sai dai akwai wani hannu a gefen dama. A cire shi kafin gobe." Ya ce to. Ya cire musu a nasu.

Ranar Asabar 'yar ta dawo. Ya miƙa mata ambulan babba. Ta zaro takardar a hankali, tana murmushi tun kafin ta gani. Hannu ne shi kaɗai, a buɗe, ya saki yadi yanzun nan, haske na bin yatsunsa.

Ta daɗe tana kallo. "Ga tabon dutsen guga," ta ce, ta ɗora yatsa a wurin. Ta juya takardar, ta leƙa cikin ambulan. "Fuskar fa, Kawu?"

"Na goge." Muryarsa ta fito kamar ba tasa ba. "Kafin ta rufe baki na goge. Na ce mata na bari. Da yamma na ce ta sake tsayawa, ta ce ɗaya ya isa."

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta mayar da hannun cikin ambulan, ta rungume shi a kan cikinta, ta miƙe da ƙyar. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo, idanunta sun cika.

"To ka gaya min yadda ta fito. Kai kaɗai ka gani."